Ɓarawon da Ya Bar Fitila

Arvo Niemi ya dawo daga gari ranar Laraba da tsakar rana, ya tarar da ɗakin shukarsa a rufe yadda ya bar shi. Fitila tana ci, fanka tana juyawa, amma tukwanen wiwi huɗu sun yi ƙafa. Shaidar gindinsu kawai ta rage a kan katako. Ya tsaya riƙe da 'yar na'urar auna haske da ya yi tafiyar awa biyu don ya sayo, ya kalli wurin, ya sake kallo, kamar idan ya daɗe yana kallo za su ji kunya su dawo.

Ba don shaye-shaye ya shuka su ba. Tsoho ne mai shekara sittin da takwas, ko sigari bai taɓa ɗanɗanawa ba. Matarsa Helmi ce ciwon daji ya sa a gaba, komai ta ci sai ya dawo. An gwada man wiwi na kanti kala-kala, kowanne sai ya sa zuciyarta dukan uku-uku. Iri ɗaya ne tak ya karɓe ta, wanda wani abokinsa ya haɗa da hannunsa kafin ya rasu. Ɗigo uku a ƙarƙashin harshe, sai ta iya shan romo rabin kwano. Man da ya rage a kwalba bai wuce na mako biyar ba, ƙwayar irin kuwa huɗun nan ne na ƙarshe a duniya.

Ga shi kuma iri ne mai taurin kai. Sauran wiwi sai ka rage musu awannin haske suke fara fure, idan sun yi rauni kana iya jinkirta su har su warke. Wannan kuwa da kansa yake fure, kwana saba'in daga tsiro zuwa girbi, ba ya jiran kowa. Ranar da ka ɓata masa ta tafi ke nan. Shi ya sa Arvo ya zama bawan fitila. Awa goma sha takwas a kunne, shida a kashe. Suna ƙanana ya ba su farin haske mai ɗan shuɗi-shuɗi don kada su miƙe su zama sanda, da suka fara fure ya ƙara musu ja, yana ɗaga ƙarfin kaɗan-kaɗan yana auna tazara da igiya. Yau kwanansu talatin da biyar cif.

Ya shiga gida da gudu irin na tsofaffi. Helmi tana kwance a doguwar kujera, lulluɓe da bargo.

“Wa ya zo gidan nan?”

“Barci nake yi, tsohona,” ta ce, ba ta buɗe ido ba. “Me ya faru?”

Ya gaya mata. Ta juya fuska wajen bango. Arvo ya ɗauka kuka take ɓoyewa, ransa ya ƙara ƙuna.

*

Shekara arba'in yana bin sawun barewa da kyarkeci a dajin nan, har 'yan sanda sukan zo nemansa idan maharbi ya ɓata. Don haka da ɗan sandan yankin ya ce masa a waya zai rubuta, Arvo ya san inda rubutun zai kwana. Ya sa hula ya fita ya durƙusa a kan dusar ƙanƙara.

Mutum ɗaya ne, takalmin roba babba, irin wanda rabin mazan ƙauyen ke sawa. Daga titi ya zo, ya fara tsayawa a ƙofar kicin, Arvo ya ce a ransa leƙe ya yi ya ga ko da mutane. Daga nan ya wuce ɗakin shuka kai tsaye, ya ɗauki makulli a ƙarƙashin gwangwani ba tare da ya laluba ba. Ya jawo tukwanen a cikin baho mai igiya, irin wanda masunta ke jan kaya da shi a kan ƙanƙara. A tsakiyar hanya akwai shaidar gwiwa biyu da ɗan zaren bargo. Ɓarawon ya durƙusa ne ya gyara musu lulluɓi don kada sanyi ya kashe su.

A bakin titi sawun ya mutu. Motar share ƙanƙara ta wuce ta kankare komai.

Kafin yamma labari ya game ƙauye. A kantin man fetur kowa ya riga ya yanke hukunci, sai dai hukuncin ya rabu biyu. Maza suka ce Wade Tervo ne, wa ya kai shi sanin darajar ganye? Mata suka ce a bi Impi Rautio a hankali, ita da ta tashi a coci ta kira shukar Arvo ganyen Shaiɗan.

*

Tagar Wade kullum shuni take fitarwa, ko da rana tsaka. Ya buɗe ƙofa ranar Alhamis da gajeren wando, yana sosa ciki.

“Kawu Arvo! Na san za ka zo. Duk abin da ya ɓace a garin nan, ko kare ne, Wade ne.”

“Matsa in gani.”

Wade ya matsa. A ɗakin akwai shuka shida a ƙarƙashin fitila mai ja da shuɗi, irin mai arhar nan da ke sa kowane ganye ya zama launi ɗaya, mai lafiya da mara lafiya. Arvo ya kashe ta, ya haska da tocila. Dogaye ne masu siririn ganye, ba su ma fara fure ba. Nasa gajeru ne masu faɗin ganye. Ya bincika kwanon wanka, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya fito jiki ba ƙwari.

“Ka gama?” Wade ya ce. “To bari in tambaye ka. Fitilarka tana nan?”

“Tana nan.”

Wade ya fashe da dariya, sai ya ga fuskar tsohon ya haɗiye ta.

“Kawu, na rantse da kabarin uwata, da ni na shiga ɗakin nan, fitilar zan fara kwancewa. Kullum na tuna ta sai yawuna ya tsinke. Wanda ya ɗauki shuka mai fure ya bar wannan fitila bai san komai a kan haske ba. Yana ganin kowane haske haske ne.”

“Kwana nawa za su yi a hannunsa?”

“Ya danganta da irin jahilcinsa. In a taga ya ajiye su, da ranar nan tamu da ba ta fi kyandir ba, za su yi yaushi amma za su kai mako. In kuwa mai ƙwazo ne, ya kawo wani abu mai ƙarfi ya kafa musu a ka,” ya ɗaga kafaɗa, “kwana uku, huɗu. Ka yi addu'a malalaci ne.”

*

A ƙofar Impi Rautio akwai takalmin roba babba. Arvo ya durƙusa. Ya ɗaga shi ya juya yana duba ƙasansa, sai ga ta a kansa, tsohuwa 'yar firit da ludayi a hannu.

“Na marigayi mijina ne, da shi nake share ƙofa. In ka gama shinshina shi ka shigo, kana zuba min sanyi a gida.”

Ya shiga, ya ƙi zama.

“Impi, ke kika ce ganyen Shaiɗan ne.”

“Na faɗa, kuma gobe ma zan faɗa. Amma dube ni da kyau, Arvo Niemi. Na yi maka kama da mai lulluɓa wa Shaiɗan bargo? Da ni ce, a murhu zan zuba su, in kira ka a waya ka fito ka ga hayaƙi.”

Gaskiya ta faɗa, ya kuma sani. Matar da ke hutawa sau biyu kafin ta kai akwatin wasiƙa ba za ta ja baho mai tukwane huɗu ba. Ta zuba romon kifi a kwano mai murfi ta miƙa masa.

“Kai wa Helmi. Na je ganinta sau uku a watan nan, duk ukun ita kaɗai na tarar. Kana ina?”

“Ina wajen maganinta.”

“Uhm,” in ji Impi, ta buɗe masa ƙofa.

Ranar Juma'a ya bi gidaje goma sha ɗaya. Yana duba rufin da ƙanƙararsa ta narke, yana leƙa tagogin ɗakunan ƙasa, yana sauraron ƙarar fanka, mutumin da a da ko gaisuwa sai an ja shi. Wani ya sakar masa kare. Ya dawo gida ƙafafunsa sun daskare, ya tarar Helmi ta sha cokali biyu na romon ta bar saura. Ya ɗaga kwalbar mai ya duba a hasken taga. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji a daji ba.

“Zauna mana,” ta ce.

“In zauna su mutu?” Ya mayar da hularsa ya sake fita.

*

Da Asabar ta yi ya rasa inda zai sa kansa, sai ya nufi tafki wajen Reino Saari, wan Helmi. Tare suka yi makaranta, a hannunsa ma ya fara ganin ƙanwar. Ya same shi zaune a kan bokiti a bakin ramin da ya huda a ƙanƙara, hula har gira, baƙin tabarau a ido.

“Kai kuma tabarau na mene ne, tsohon banza? Fim kake fitowa?”

“Ƙyallin ƙanƙara ne ya ci min ido,” Reino ya ce. Hawaye na gangarowa ta ƙarƙashin gilashin, yana sharewa da safar hannu. “Kamar an zuba min yashi.”

Arvo bai bi ta kan maganar ba, abin da ke cinsa ya fi wannan. Ya tsuguna.

“Reino, na ƙare. Sawu ya mutu a titi. Gobe bayan sujada zan tashi a wajen shan kofi in roƙi mutane. Ban iya magana ba, ka sani. Ka zo ka tsaya kusa da ni.”

“Ni da coci, ka san...”

“Don Helmi.”

Reino ya mayar da ido kan ramin. Igiyarsa tana motsi, kifi yana ci, bai ja ba.

“Zan zo,” ya ce.

*

Ɗakin ƙasa na cocin ya cika da ƙamshin kofi da nisu, burodinsu mai zaƙi. Mutum wajen talatin. Wade ma ya zo, cikin rigar kirki ɗaya da ya mallaka, ya ce gara a zarge shi yana wurin. Impi ce ke zuba kofi. Reino bai shiga sujada ba, sai da aka sauko ya sulalo ya tsaya kusa da ƙofa.

Arvo ya tashi.

“Ni ban zo kama kowa ba. Wanda ya ɗauka ya san makullina, ya san ranar da nake zuwa gari, wato namu ne. Ya lulluɓe su, wato ba mugu ba ne. Ka ajiye min su a ƙofa, ba zan duba sawunka ba, na rantse. Matata ba ta cin abinci.” Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. “Kwana huɗu ke nan. Ba su da wasu kwanakin da za su ba ka.”

Babu wanda ya motsa. Wasu suka saci kallon Wade, wasu Impi. Ita kuwa idonta yana wani waje dabam.

“Reino Saari,” ta ce, har ta buga butar kofi a tebur. “Mijin ƙanwarka yana zubar da hawaye a gaban jama'a, kai kana tsaye da hula a gidan Ubangiji? Haka uwarka ta koya maka?”

“Mura nake yi, Impi.”

“Ko mutuwa kake yi. Cire.”

A ƙauyen nan namiji ba ya musu a kan wannan, ko fasto ne. Reino ya ɗaga hannu a hankali ya zare hular. Sanƙonsa ya yi ja wur, fata tana saɓa, har da ƙananan ƙuraje masu ruwa. Ƙeyarsa ma haka. Wani ya yi dariya ya ce ko Florida ya je shan rana bai gaya wa kowa ba.

Arvo bai yi dariya ba. Ya tako har gabansa, ya sa yatsa ya ɗaga masa haɓa yadda ake duba doki. Fara fat. Ƙasan hanci ma fari.

“Ƙyallin ƙanƙara daga ƙasa yake duka,” ya ce a hankali. “Haɓa yake ƙonawa da ƙasan hanci, ya sha ƙona ni. Kai daga sama aka gasa ka. Babu mahaukacin da ke fita ba hula a watan Janairu, kuma rabonmu da ganin rana tun kafin Kirsimeti. A cikin ɗaki ka sunkuya, a ƙarƙashin fitila. Wace irin fitila ce, Reino?”

Reino ya sunkuyar da kai.

“Ta Aili ce. Wadda take kwanciya a ƙarƙashinta da hunturu.”

Wade ya dafe kai da hannu biyu. Kowa ya tuna marigayiya Aili, matar Reino, da tsohuwar fitilarta ta gasa fata ta yi duhu kamar an sha rana, wadda ko ita ba ta wuce minti biyar a ƙarƙashinta.

“Na ce tunda tana gasa mutum kamar rana, ai za ta ciyar da ganye kamar rana,” Reino ya ce. “Ban kashe ta ba ko sau ɗaya. Har matso da ita na yi.”

*

A ɗakin siracen Reino suke, a jere a kan bencin katako, fitilar tana rataye da igiya bai fi taƙi ɗaya daga kansu ba. Wade ya fizge wayar daga bango kafin ya bari kowa ya shiga. Ganyen sama sun koma launin tagulla, sun nannaɗe, suna ƙyalli. Arvo ya taɓa furen farko ya rududduge a yatsunsa. Uku sun tafi. Ta huɗu tana can gefe inda hasken bai kai sosai ba, rabinta ƙonanne, rabinta kore.

“Wannan za ta iya yi,” Wade ya ce. “Ba da yawa ba. Ka rage mata fitila sosai, ka ɗaga ta sama, ka bar ta ta huta.”

Arvo ya juyo ya shaƙi wuyan rigar Reino.

“Ƙanwarka ce! Uwa ɗaya uba ɗaya! Me za ka yi da su? Sayarwa?”

“Cewa aka yi in zuba su a ramin tafki,” Reino ya ce, idonsa na zuba, ba a san na fitila ba ne ko na kuka. “Na kai su har bakin ramin, na kasa. Na ce in raya maka su ko da daga baya ne.”

“Wa ya ce?”

“Ka bi sawuna, Arvo. Ina na fara tsayawa?”

Arvo ya sake shi. Mutumin da ke iya gaya maka barewa ta ci me daga yadda ta taka, ga shi ya kasa karanta ƙofar kicinsa. Ya cire rigar sanyinsa ya lulluɓe tukunyar, ya rungume ta ya fita.

*

Helmi tana zaune, ta jingina da matashi, kamar mai jiran sa. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki da tukunyar a ƙirji.

“Ɗaya ta rayu,” ya ce. “Saura mata kwana talatin da ɗaya.”

“Ni ba ni da su, tsohona.”

Ya buɗe baki, ta ɗaga hannu.

“Ranar da muka je asibiti ka bar ni da likita ka tafi neman wayar fitila, ranar ya gaya min. Mako uku, in an yi sa'a huɗu. Biyu sun wuce. Man da ke kwalbar nan zai ishe ni har ya yi saura.”

“Me ya sa ba ki faɗa min ba?”

“Sau nawa na ce ka zauna? Kullum sai ka ce minti biyar, za ka duba haske. Ina jin ƙarar ƙofar can tana buɗewa tana rufewa, ina ƙirgawa. Na san don ni kake yi, shi ya sa na kasa cewa ka bari. Sai na ce da Yaya ya kawar da su, ko ka rasa wurin zuwa ka dawo.” Ta yi ɗan murmushi mara ƙarfi. “Na manta wa na aura. A da ina ganinka sau biyar a wuni, da aka sace su sai na daina ganinka gaba ɗaya. Kwana huɗu na ɓata da wautata.”

Arvo ya sunkuya. Ya ajiye tukunyar a ƙasa kusa da ƙofa, a inda babu wani haske na kirki, ya zauna a bakin kujerar. Kuka ya zo masa da ƙarfi, irin na mutumin da bai saba ba, kafaɗunsa suna tsalle. Ta bar shi ya yi. Da ya lafa ta jawo hannunsa ta cusa a cikin bargo, yatsunsa kamar ƙanƙara.

“Kada ka riƙe Yaya a rai,” ta ce. “Yanzu ba ni labari. Yaya aka yi ka kama shi?”

Ya share hanci da bayan hannu, ya fara daga shaidar gwiwa. Ta yi dariya a wajen Wade da gajeren wandonsa. Da ya zo kan Impi da hula, ta yi dariyar da sai da ya tallafe ta ta yi tari. Kafin ya kai ɗakin sirace barci ya ɗauke ta, hannunsa yana cikin nata. Arvo ya rage murya, ya ci gaba da ba ta labarin har ƙarshe.